Na fita daga WhatsApp, aka binne malamina ban sani ba

Ranar wata Laraba ce. Ina aji ina fama da 'yan JHS na biyu a kan lissafi, a daidai lokacin aka yi wa malaminmu na makarantar allo wanka, aka sallace shi bayan Azahar, aka kai shi maƙabartar Tafo. Daga sukul ɗin da nake koyarwa zuwa masallacin da aka yi sallar bai fi tafiyar minti ashirin a trotro ba. Ban ji ba sai bayan Magariba, da na tsaya wurin mai shayin bakin layinmu.

"Ticha, yau ban gan ka a Tafo ba," in ji shi, yana fifita wuta.

Na ce, "Tafo kuma? Wa ya rasu?"

Ya daina fifitar ya dube ni. "Kai Ticha, da gaske kake? Ai tun ƙarfe tara na safe aka sa a guruf."

An sa a guruf. A guruf ɗin tsofaffin ɗaliban makarantar, da na masallaci, da na matasan unguwa, da sitatus ɗin mutum fiye da talatin da na sani. Ni kuwa a ranar kwanana 23 da goge WhatsApp daga wayata, tare da Facebook da TikTok. Wannan bawan Allah shi ya riƙe hannuna na rubuta harafin farko a allo, shi ya ɗaura mini aure. Lambata tana wayar mutane da yawa a cikin waɗanda suka ɗauki makararsa. Ba wanda ya kira ni, kuma ba don mugunta ba. Kowa ya ɗauka na gani.

Bari in koma baya in faɗi abin da ya fitar da ni, don kada a ɗauka iyayi ne irin na 'yan boko.

Bara, 'yan kwanaki bayan Babbar Sallah, wani saƙo ya shigo mini daga lambar da ban sani ba. Hoton wani ƙanina ne, ɗan ƙanwar mahaifiyata, an rubuta "ɓarawo" da jan rubutu a ƙirjinsa, an ce ni ne na tsaya masa, in bai biya ba zuwa yamma za a watsa nawa hoton. Ashe yaron ya ci bashin 'yan sidi kaɗan a wata manhajar bashi ta waya, irin waɗanda ke turo maka kuɗi ta MoMo cikin minti biyar. Lokacin da yake saukar da ita ta nemi izinin shiga lambobin wayarsa da hotunansa, ya danna "na yarda" kamar yadda dukkanmu muke dannawa ba mu karanta ba. Da ya makara da kwana biyu, sai suka bi lambobin ɗaya bayan ɗaya: ni, da limamin masallacinsu, da mahaifin yarinyar da yake nema. Wannan ba sabon abu ba ne a ƙasar nan. A watan Yulin 2023 hukumar EOCO tare da Babban Bankin Ghana da hukumar tsaron intanet sun kama mutum sama da 400 a Akra a kan irin wannan sana'a. An kama waɗancan, wasu sun tsiro.

Kuɗin ba su dame ni ba, mun haɗa mun biya. Abin da ya hana ni barci shi ne hoton da suka turo daga baya don su nuna mini ba wasa suke ba. Hotona ne ina riƙe da 'yata ranar sunanta. Ni ban taɓa saukar da manhajarsu ba, ban taɓa ba su komai ba. Hoton na sa shi a sitatus shekara biyu da suka wuce, yaron ya ɗauka ya ajiye don ƙauna, daga wayarsa ya faɗa hannun mutanen da ba su san Allah ba.

A daren na zauna na ƙirga. Guruf 31 nake ciki a WhatsApp. Na malaman sukul, na iyayen yara aji biyu, na 'yan ajinmu na kwalejin horon malamai, na dangin uwa, na dangin uba, na adashi, na masallaci, na ƙwallo, da wasu da ban ma san wanda ya jefa ni ciki ba. A kowane guruf duk wanda ke ciki yana ganin lambata, kuma a wasu ban san ko rabin mutanen ba. A Facebook kuwa akwai hotuna tun ina kwaleji, da sunan unguwarmu, da sunan matata, da ranar haihuwata. Mu da aka rena da cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, mu da addu'armu kullum Allah ya rufa mana asiri, mu ne muka kwashe asirin da hannunmu muka shanya a bakin titi.

Ba wannan ne karo na farko da na yi yunƙurin fita ba. Masu karatu za su tuna watan Janairun 2021, lokacin da WhatsApp ya fito da sababbin sharuɗɗa ya ce duk wanda bai amince ba zuwa 8 ga Fabrairu zai rasa asusunsa. Hankali ya tashi a duniya, miliyoyin mutane suka ruga Signal da Telegram, har kamfanin ya ɗage wa'adin zuwa 15 ga Mayu. A zangonmu ma saƙonnin murya sun yi ta yawo, wai daga yanzu Facebook zai riƙa sauraron hirar miji da mata. Wannan ba gaskiya ba ne. Tun 2016 saƙonnin WhatsApp a kulle suke tafiya daga waya zuwa waya, kuma canjin 2021 ya fi shafar hira da 'yan kasuwa. Amma tsoron mutane ba a banza yake ba. Facebook ya sayi WhatsApp a 2014 a kan kimanin dala biliyan 19, kuma ba sadaka ya je yi ba. Tun 2016 WhatsApp ya fara miƙa wa Facebook lambobin waya. Ko bai karanta saƙonka ba, ya san lambarka, da irin wayarka, da lokacin da kake shiga da tsawon zaman da kake yi, da sunayen guruf-guruf ɗinka, da lambobin da ke wayarka in ka ba shi izini. Wanda ya san wa kake hulɗa da shi da kuma yaushe, ai ya san rabin labarinka. A watan Satumban 2021 hukumar kare bayanai ta ƙasar Ayalan ta ci WhatsApp tarar yuro miliyan 225 saboda bai fito fili ya bayyana wa mutane yadda yake sarrafa bayanansu ba. A Yulin 2024 maƙwabtanmu Najeriya suka ci Meta tarar dala miliyan 220. Har Brian Acton, ɗaya daga cikin mutum biyun da suka ƙirƙiri WhatsApp, ya bar kamfanin a 2017, ya zuba dala miliyan 50 a gidauniyar Signal, a 2018 kuma ya fito ya ce wa mutane su goge Facebook.

Akwai kuma wanda ya fi taɓa mu kai tsaye. A Nuwamban 2020 wani binciken 'yan jarida na Motherboard a Amurka ya nuna cewa bayanan wurin da masu amfani da Muslim Pro suke, manhajar nan ta lokutan salla da alƙibla da aka sauke sama da sau miliyan 98, suna zuwa hannun wani dillalin bayanai mai suna X-Mode, wanda cikin masu saye a wurinsa akwai 'yan kwangilar sojin Amurka. Kamfanin ya musanta cewa ya sayar wa soji da bayanan kowa, ya kuma yanke hulɗa da dillalin. Ni dai tana wayata a lokacin, ita ke kira mini sallar Asuba.

To a wancan karon na sauke Signal. Na tarar da mutum tara a ciki, huɗu daga cikinsu 'yan ajinmu na kwaleji ne, muka yi wa juna sallama, shi ke nan shiru. A watan ne kuma aka buɗe makarantu bayan dogon hutun korona, jadawali da sanarwa da komai ta WhatsApp hedimasta yake turowa. Sati biyu na yi na koma na danna "na yarda".

A karo na biyu na ce ba ja da baya. Na nemi Facebook ya goge asusuna gaba ɗaya. Ya ce zai jira kwana 30 tukuna, in na canja ra'ayi a tsakani in shigo in soke. Wayonsu ke nan, sun san halin ɗan Adam. TikTok bai ba ni wahala ba, don dama kallo kawai nake yi. WhatsApp kuwa sai da na rubuta doguwar sanarwa na tura guruf-guruf: ga lambata tana nan, mai nemana ya kira ko ya turo tes.

Ba zan ɓoye ba, satin farko na ji daɗin da na daɗe ban ji ba. Na gama makin littattafan yara kafin Isha'i. Na koma karatun izu ɗaya bayan Asuba, abin da na yi shekara ina cewa gobe. Data da nake saye duk bayan kwana uku ta kai ni sati biyu. Hannuna dai bai daina zuwa aljihu ba, sai in ciro wayar in buɗe in rasa abin da zan danna, in mayar. Ni da nake ƙwace wayar yara a aji ina yi musu wa'azi, ranar na gane in da kura na maganin zawo da ta yi wa kanta.

Daga sati na biyu aka fara. Hedimasta ya kira ni ofis.

"Malam, ba na son in shiga harkarka, amma ba zan riƙa kiran mutum ɗaya daban ba duk lokacin da ofishin ilimi ya turo takarda. Mu goma sha bakwai ne."

Gaskiyarsa. Na roƙi wata abokiyar aiki ta riƙa faɗa mini abin da aka sa, ta yi kwana huɗu tana yi, ta gaji, ni ma na ji kunyar tambaya. Iyayen yara kuma, da yawansu 'yan kasuwa ne a Kejetia, ba sa karatun boko, saƙon murya suke turowa da Hausa ko Tuwi su ce yaro ba shi da lafiya yau, ko a duba musu ko ya zo. Tes ba zai yi musu ba, kira kuma kiredit ne. Wata uwa ta tare ni a ƙofar sukul ta ce, "Ticha, ko mun yi maka laifi ne ka toshe mu?"

Wannan tambayar ita ta yi ta bina. Ba wanda ya ɗauki fitata a matsayin magana tsakanina da wani kamfani a Amurka. Kowa ya ɗauka da shi nake. Kawuna da ke Jamus, wanda duk Lahadi yake kiran bidiyo ya ga yara, ya aiko a tambaye ni ko maganar filin gado ce ta sa na yanke shi. Matar yayana ta ce girman kai ne, an yi karatu an fi ƙarfin dangi. Guruf ɗin adashi suka ce in ba zan riƙa ganin sikirinshot ɗin MoMo da kowa ke turowa ba, to kada in zo in yi musu gardamar lissafi. An fitar da yayin bikin 'yar ƙanwar babana, matata ta gani a wayarta ta saya mana, amma taron maza na shirya ɗaurin auren ya wuce ni, aka ce an jira ni.

Mahaifiyata ce ta fi ba ni tausayi. Ba ta iya karatu ba, amma ta iya danna alamar makirufo ta yi magana, kuma kullum da safe sai ta turo mini addu'a ta minti biyu, wani lokaci uku. Na ce mata, "Mma, ai zan riƙa kiran ki kullum." Ta ce, "To, Allah ya yi albarka. Amma in ka kira kana sauri ne, ga kuɗi na tafiya. Wancan kuwa ina faɗin abin da nake so in gama." Na yi shiru, don ba ni da amsa.

Mu a nan ba mu da yawa. Ƙidayar 2021 ta ce Musulmi kashi 19.9 ne cikin ɗari na mutanen Ghana, masu Hausa a baki kuma wani yanki ne a cikinsu. Sanarwar rasuwarmu ba ta jiran jarida, ba ma ajiye gawa sati uku a buga fosta kamar maƙwabtanmu. Mutum ya rasu da Asuba, kafin La'asar an rufe shi. Danginmu a warwatse suke, daga Kumasi zuwa Nima, Tamale, Lome, Kano, Yamai, Jidda, Hambug da Bronx. A da, labari yana bin lasifikar masallaci da yaran da ake aika gida-gida da goron gayyata. Cikin shekara goma muka kwashe wannan duka muka zuba a manhaja ɗaya, don ta fi sauri kuma ta fi araha, sannan muka bar tsohuwar hanyar ta mutu. An ce zumunta a ƙafa take. Tamu yanzu a babban yatsa take, kuma hanyar da take bi ba tamu ba ce.

Na tuna ranar 14 ga Maris 2024, farkon azumi, da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace, Ghana da ƙasashe da dama na yankin nan suka shiga duhu na kwanaki. Ba wanda ya mutu don rashin sitatus. An yi rasuwa a unguwarmu a kwanakin, ladan ya faɗa a lasifika, aka kira na nesa a waya, masallaci ya cika. Ba a zargi kowa da girman kai ba, don gaba ɗaya aka fita. Da ni kaɗai na fita, sai ya zama kamar na tashi daga tabarmar da kowa ke zaune a kai.

Kuma ga abin takaicin: fitar tawa ba ta rufa mini asirin da na fita dominsa ba. Lambata tana nan a wayoyin ɗaruruwan mutane, kowannensu yana danna "na yarda" ga duk manhajar da ta tambaya. An yi bikin da na faɗa, aka ɗauke ni bidiyo ina cin tuwo, matata ta nuna mini a sitatus ɗin mutum uku. 'Yata ta fito a TikTok ɗin wata 'yar maƙwabta tana rawa. Layina kuma, kamar na kowa, an haɗa shi da Ghana Card tun rajistar da aka fara a Oktoban 2021. Na kulle ƙofar ɗakina, alhali kayana suna ɗakunan mutane.

Washegarin jana'izar na je gidan malam ta'aziyya. Babban ɗansa, wanda ya girme ni da kusan shekara goma, ya karɓi gaisuwata, ya matsa mini na zauna kusa da shi. Na fara ba da haƙuri ina bayanin manhajar bashi da hoton 'yata. Ya saurara har na gama.

"Na ji, ƙanina, kuma ba ka yi ƙarya ba. Amma Baba ya tambaye ka sau biyu a asibiti. Mun sa a guruf cewa yana son ganin ɗalibansa."

Wannan ban san da ita ba sai a lokacin. Kwana shida ya yi a kwance.

A daren na mayar da WhatsApp. Ba na alfahari da hakan, ba na kuma jin kunyarsa. Facebook dai na bar shi ya cika kwana 30 ɗinsa ya tafi, kuma har yau ban yi kewarsa ba. TikTok ma haka. A WhatsApp na fita daga guruf 22, na bar tara. Tun 2022 in ka fita admin kaɗai ake sanarwa, don haka ba a yi surutu sosai ba. Na shiga saiti na hana a jefa ni guruf sai wanda lambarsa ke wayata, na ɓoye hotona ga baƙi, na sa lambar sirri ta biyu mai lamba shida saboda masu sace asusu, waɗanda ke kira su ce ka karanto musu lambar da aka turo maka. Ba na sa hoton yarana, kuma na roƙi dangi su daina. Wasu sun ji, wasu sun ce Ticha ya fara kuma. Ƙanin nan nawa na zaunar da shi muka bi manhajojin wayarsa ɗaya-ɗaya muna cire musu izinin shiga lambobi da hotuna. Na nuna masa lamba 292, inda ake kai ƙarar irin wannan barazana ga hukumar tsaron intanet. Muna da dokar kare bayanai tun 2012, Act 843, da hukumar da ke kula da ita, amma a ɗakin malamanmu da na tambaya, mutum biyu ne suka taɓa jin sunanta. A watan Yunin 2025 kuma Meta ya sanar cewa zai fara sa talla a sashen sitatus. Na karanta labarin a cikin WhatsApp ɗin kansa, wani ya turo guruf.

Ranar addu'ar arba'in ɗin malam, bayan an shafa fatiha, na nemi izini na yi magana a gaban tsofaffin ɗalibai. Ban ce kowa ya fita ba, na san ba mai fita. Na ce a cikinmu akwai waɗanda ba sa WhatsApp, ko don tsufa, ko don ƙaramar waya gare su, ko don ba kullum suke da kuɗin data ba, kuma ba su da bakin yin ƙorafi kamar ni. Muka ƙirga a wurin, mutum goma sha ɗaya. Ɗaya daga cikinsu, wani dattijo mai gyaran keke, ya ce shi ma sai da aka kwana biyu ya ji rasuwar, ya yi shiru ne kawai don kada a ce ya cika mita. Aka yanke cewa duk sanarwar rasuwa ko rashin lafiya, bayan an sa a guruf, wani zai bi waɗannan sunaye ya kira su ɗaya bayan ɗaya, a cire kuɗin kiredit daga asusun ƙungiya.

Babban ɗan malam ya ce, "To wa zai riƙe?" Kowa ya juyo ya dube ni.

Takardar sunayen tana cikin jakar da nake zuwa sukul da ita, yanzu sun zama goma sha huɗu. Makon jiya aka sa rasuwar wata tsohuwa a guruf ƙarfe goma saura, ina tsakiyar darasi. Na ba yara aiki a allo, na fita baranda na fara daga sama. Mai gyaran keken ne na uku. Ya ɗauka a bugu na biyu, ya yi salati, ya ce, "A wane masallaci?"